Walat ɗin kirifto a kwamfutar gida: Abin da matasan Ikara, Makarfi da Kudan za su duba kafin su girka

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Notcoin ta raba wa masu dangwale rabonsu har wasu suka ji ƙarar alat a wayoyinsu, harkar kirifto ta shiga majalisun samari a Hunkuyi da Tashar Yari da cikin garin Ikara, kamar yadda ta shiga sauran garuruwan Arewa. Hamster Kombat ta biyo baya, ta yi nata rabon ranar 26 ga Satumba 2024, da yawa suka tashi da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Sai kuma Pi Network, wadda aka shafe shekaru ana mainin ɗinta, ta buɗe ƙofar kasuwa ranar 20 ga Fabrairu 2025.

Guguwar dangwale ta lafa, amma ta bar mutane a bayanta. Akwai ɗalibin da ya koyi saye da sayar da USDT, wani kuɗin kirifto, akwai mai sana'ar intanet da ake biya da kirifto daga ƙasar waje, akwai kuma ɗan kasuwar da ya ga yadda naira ta zube a 2023 da 2024, ya ce ba zai bar cinikin rake ko na tumatir ya kwana a naira ba. Da zarar abin da mutum ya tara ya fara kauri, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya da waya, tunda waya ana fizge ta a tasha, tana faɗawa ruwa, yara na wasa da ita. Daga nan tunani ke komawa kan kwamfutar da ke ajiye a ɗaki.

Tunanin ba laifi ba ne. Sai dai tambayar da aka fi yi ita ce wane walat ya fi kyau, alhali asarar da ake tafkawa ta fi zuwa ta wasu hanyoyi uku: kwamfutar da aka ɗora walat ɗin a kanta, wurin da aka sauke shi, da inda aka ajiye kalmomin sirrin da ake dawo da shi da su.

Dalilin da ya sa mutane ke son riƙe abinsu

Ba a banza ba 'yan Najeriya suka fara guje wa barin kuɗinsu a dandalin ciniki. Ranar 5 ga Fabrairu 2021, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hulɗa da kirifto, ciniki ya koma hannu da hannu tsakanin mai saye da mai sayarwa. A Disamba 2023 bankin ya janye wannan umarni. Wata biyu bayan haka, a Fabrairu 2024, hukumomi suka tsare jami'an dandalin ciniki na Binance guda biyu a Abuja, kuma a watan Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira baki ɗaya. A Agusta 2024 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta ba dandalan ciniki na Busha da Quidax amincewar farko, sannan a Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar.

Duk wannan kai-komo bai hana harkar bunƙasa ba. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sanya Najeriya a matsayi na biyu a duniya, bayan Indiya, wajen rungumar kirifto a 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 59 ta shigo ƙasar ta wannan hanya tsakanin Yuli 2023 da Yuni 2024. A cikin wannan lokaci kuma mutane suka ga rushewar dandalin FTX a Nuwamba 2022, suka ga Patricia ta dakatar da cire kuɗi a 2023 bayan an yi mata kutse, suka ga CBEX ta kulle da kuɗin jama'a a Afrilu 2025.

Manomin Kudan zai gane lamarin cikin sauƙi. Barin kirifto a dandalin ciniki daidai yake da ajiye masararka a siton ɗan kasuwa: yana da masu gadi, kana da takarda, amma ranar da ya kulle sito ya yi gaba, takarda ce kawai a hannunka. Walat na kanka kuwa rumbun gidanka ne, babu mai hana ka ɗiba, kuma idan ɓera ya shiga ko wuta ta kama, babu wanda za ka kai ƙara.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Walat ba ya ɗauke da kuɗin a cikinsa. Kuɗin na rubuce a kundin bulokcen da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a faɗin duniya. Abin da walat ke riƙewa makullin sirri ne, wanda da shi ake sa hannu a tura kuɗi. Duk wanda ya samu makullin nan, ko yana Legas ko yana Rasha, zai kwashe komai ba tare da ya taɓa kwamfutarka ba. Kuma abin da aka tura ya tafi ke nan. Babu manajan reshe da za a je a yi wa kuka, babu fom ɗin da za a cike a dawo da kuɗi.

Kwamfutar da ke ɗakinka, waye ya riga ka shiga cikinta?

Akasarin kwamfutocin da ke gidajen wannan yanki na hannu ne. An sayo su a Sabon Garin Zariya, ko a Kano wajen Farm Centre da titin Beirut, ko an kawo daga Computer Village ta Legas. Wasu an saya ne don ɗan gida ya yi atisayen jarrabawar JAMB, wasu don rubuta furojet a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi. Kafin a miƙa wa mai saye, mai shago ya riga ya ɗura mata Windows da Office da manhajar kallon fim daga wani filashi da ya shiga ɗaruruwan kwamfutoci. Da wuya mai saye ya tambayi daga ina aka samo su.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa manhajar kuɗi ya saki kyauta a intanet, galibi yana da abin da yake nema. A Disamba 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda ake cusa wata muguwar manhaja mai suna CryptBot a cikin kwafin KMSPico, wato abin da masu gyara ke amfani da shi don kunna Windows ba tare da lasisi ba. Aikin CryptBot shi ne lalube kwamfuta ta tattara bayanan walat irin su Electrum da Exodus da Atomic, da lambobin sirrin da aka adana a burawuza, ta aika wa ubangidanta. Kwamfutar na aiki lafiya ƙalau, mai ita bai ga alamar komai ba, har ranar da zai saka kuɗi.

Sai batun tsufa. Microsoft ya daina gyara ɓarakar tsaro a Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Duk ɓarakar da 'yan dandatsa suka gano a irin waɗannan kwamfutoci, a buɗe za ta zauna.

Don haka matakin farko, kafin a yi maganar walat, shi ne a kwashe fayilolin da ake buƙata, a goge kwamfutar kakaf, a girka sabon tsari daga tushe. Wanda ke da lasisin Windows na gaskiya ya sauke daga shafin Microsoft. Wanda ba shi da shi, ko kwamfutarsa ta tsufa, yana da Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne tun asali, halal ne a sauke su, kuma suna tafiya a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Bayan girkawa a bari tsarin ya gama sabunta kansa, ko da zai ci data.

Abu na gaba shi ne hannaye nawa ke taɓa kwamfutar. A gidajenmu kwamfuta ɗaya ce ta kowa. Ƙane zai sauke gem, ƙanwa za ta kawo filashi daga shagon tura finafinai, aboki zai aro ya cike fom. Idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, a kai ta shagon caji a baro ta can har dare, irin abin da jama'a suka sha yi a Oktoba 2024 lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar layin wutar da ke kawo mata lantarki. Kwamfutar da ke wannan yawo ba wurin ajiyar dukiya ba ce. Idan babu halin ware wata daban, aƙalla a buɗe wa kowa sashensa da lambar sirrinsa, a hana sauran ikon girka manhaja, a kuma kulle faifan ajiyar da BitLocker ko makamancinsa. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba.

Wane irin walat ya dace da kai?

Idan kwamfuta ta tsarkaka, sai a zo zaɓi. Iri huɗu ne a gaban mai gida.

Na farko cikakken walat ne irin Bitcoin Core, wanda ke sauke kundin Bitcoin tun daga farkonsa a Janairu 2009 ya tantance kowace mu'amala da kansa. Ba ya dogara da kowa, amma kundin ya haura gigabait 600. Ko an saita shi ya riƙa share tsofaffin bayanai don kada faifai ya cika, dole ya sauke duka tukuna. Ga wanda ke jona kwamfuta da datar waya a Paki ko Likoro, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairu 2025, ga kuma wutar da ba ta tsayawa, wannan ba hanyarsa ba ce.

Na biyu walat marar nauyi ne irin Electrum, wanda Thomas Voegtlin ya fitar a 2011, ko Sparrow. Girmansu bai taka kara ya karya ba, makulli na zama a kwamfutarka, bayanan kundi kuma suna tambayowa daga wasu kwamfutoci. Bitcoin kaɗai suke ɗauka. Lambobin da aka gina su da su a buɗe suke, duk masanin da ya ga dama zai iya dubawa.

Na uku su ne masu ɗaukar kuɗaɗe iri-iri, kamar Exodus, da waɗanda ke maƙale a burawuza kamar MetaMask. Su suka fi jan hankalin matasanmu, tunda USDT da sababbin kuɗaɗe aka fi juyawa. Walat ɗin burawuza yana zaune ne a wurin da ya fi ko'ina hayaniya a kwamfuta, inda ake buɗe kowane irin shafi, kuma danna amincewa sau ɗaya a shafin 'yan damfara ya isa a ba su izinin kwashe kuɗi. Suna ma ba ya ba da tabbaci. A Yuni 2023 aka kwashe fiye da dala miliyan 100 daga masu amfani da Atomic Wallet, bisa lissafin kamfanin Elliptic, wanda ya ɗora alhakin a kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa.

Na huɗu ita ce na'urar ajiya, wadda girmanta bai wuce na filashi ba. Kamfanin SatoshiLabs na ƙasar Cek ne ya fara fitar da Trezor a 2014, sai Ledger na Faransa. Makulli ba ya fita daga cikin na'urar. Kwamfuta na shirya mu'amala, na'urar ta nuna adireshi da adadi a ƙaramin allonta, sai mai ita ya danna maɓalli da yatsansa. Ko da kwamfutar na ɗauke da cuta, ɓarawo bai isa ya sa hannu ba. Masu sauƙin kuɗi a cikinsu ba su kai dala 100 ba. Sharaɗinta ɗaya: a saya daga kamfanin ko dillalin da kamfanin ya lissafa, sabuwa fil. Bayan an sace bayanan abokan cinikin Ledger a 2020, a shekarar da ta biyo baya 'yan damfara sun riƙa aika wa mutane na'urorin bogi har gida, da wasiƙar cewa kamfani ne ya musanya musu. Duk na'urar da ta zo da kalmomi a rubuce a cikin kwalinta, tarko ce.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Kuɗin cefane da na juyawa yau da kullum su zauna a walat ɗin manhaja. Abin da idan ya ɓace zai hana gida barci, na'urar ajiya ta fi cancanta da shi.

Ƙofar da manhaja ke shigowa

Mafi yawan mutane idan za su sauke walat, sunansa suke rubutawa a Google su danna abin da ya fara fitowa. Abin da ya fara fitowa kuwa sau da yawa talla ce, wadda duk mai kuɗi zai iya saya. A Nuwamba 2021 kamfanin Check Point ya ba da rahoton tallace-tallacen bogi na walat ɗin Phantom da MetaMask da suka kai mutane shafuka masu kama da na gaske, aka kwashe kusan dala dubu 500 cikin 'yan kwanaki. Tun kafin nan, a 2018, wasu suka mallaki adireshin electrum.com suka ɗora wata manhaja mai suna Electrum Pro mai satar kalmomi, alhali shafin gaskiya electrum.org ne. Haruffa uku ne kawai suka bambanta su.

Shagunan manhaja na manyan kamfanoni ma an sha zura musu jabu. A Nuwamba 2023 aka gano manhajar Ledger Live ta bogi a shagon Microsoft, bayan ta ci wa mutane Bitcoin fiye da 16. Haka aka taɓa samun manhajar Trezor ta bogi a shagon Apple a 2021.

Hanya mafi aminci ita ce a rubuta adireshin shafin da hannu, harafi bayan harafi, bayan an tabbatar da shi daga wurare biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna, sannan a adana shi a burawuza don gaba. Kada a karɓi manhajar walat ta WhatsApp ko Telegram ko Xender ko filashi, ko daga hannun aminin da aka yarda da shi. Shi ma ba lallai ne ya san abin da ke cikin fayil ɗin ba.

Ko daga shafin gaskiya aka sauke, akwai sauran aiki. A Nuwamba 2019 'yan dandatsa suka shiga shafin kuɗin kirifto na Monero na asali, suka musanya manhajar walat ɗinsa da wata mai satar kuɗi. Wani mai amfani ne ya tona asirin, saboda ya gwada lambar shaidar fayil ɗin da ya sauke ya ga ba ta yi daidai da wadda masu manhajar suka wallafa ba. Wannan lamba, wadda ake kira SHA-256, jerin haruffa da alƙaluma 64 ce da ake lissafowa daga cikin fayil. Ko ɗigo ɗaya aka canza a fayil ɗin, lambar gaba ɗaya za ta sauya. A Windows ba sai an sauke komai ba: a buɗe Command Prompt, a rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256, a kwatanta abin da ya fito da na shafin. Idan suka saɓa, a goge fayil ɗin nan take.

Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne sa hannun PGP, domin ɓarawon da ya iya canza fayil a shafi zai iya canza lambar da ke gefensa, amma ba zai iya ƙirƙirar sa hannun marubucin manhajar ba. Electrum da Sparrow da Bitcoin Core duk suna wallafa sa hannunsu, kuma ana tantancewa da Gpg4win a Windows. Karon farko yana ɗan ɗaure kai, yakan ci rabin awa. Wanda zai ajiye kuɗin gona guda bai kamata ya ga rabin awa ta yi masa yawa ba.

Sabuntawa ma ta wannan ƙofa za ta bi. Daga Disamba 2018 masu tsofaffin Electrum suka riƙa ganin saƙo a cikin walat ɗin kansa yana cewa su sauke sabon salo daga wani adireshi. Saƙon na 'yan damfara ne. A Agusta 2020 mutum ɗaya ya yi asarar Bitcoin 1,400 ta wannan hanya. Duk saƙon da ya ce ka gaggauta sabuntawa, rufe shi, ka je shafin da ka adana ka duba da idonka.

Kalmomi 12 da ke riƙe da komai

Da an girka walat, galibi zai nuna kalmomin Turanci 12 ko 24 a jere. Mafi yawan walat na zaɓo su ne daga jerin kalmomi 2,048 na tsarin BIP39 da aka fitar a 2013. Daga waɗannan kalmomi ake samar da duk makullan. Kwamfuta ta ƙone, an sace ta, ko faifanta ya mutu, mai kalmomin zai dawo da komai a wata na'urar. Lambar sirrin da ake sa wa manhajar kuwa fayil ɗin da ke wannan kwamfuta kaɗai take karewa.

Lokacin rubuta su, mutum ya kasance shi kaɗai a ɗaki, batirin kwamfuta a cike. A rubuta da biro a takarda, a bi jerin yadda suka zo, a sake dubawa harafi bayan harafi. Kada a ɗauke su hoto, domin wayoyi da yawa na tura hotuna Google Photos da kansu. Kada a tura wa kai ta WhatsApp ko imel. Bayan kutsen da aka yi wa manhajar adana lambobin sirri ta LastPass a 2022, masu bincike sun alaƙanta satar miliyoyin daloli da mutanen da suka ajiye kalmominsu a can. Akwai kuma kuskuren da ya fi kusa da mu: ɗaukar takardar zuwa shagon kwafi don a yi mata fotokwafi ko a lulluɓe ta da leda kamar takardar sakandare. Yaron shago na da waya a aljihu, daƙiƙa biyu sun ishe shi.

Takarda na da nata maƙiyan a ƙasarmu: gara, yoyon damina, gobarar hunturu, da mai shara da bai san darajarta ba. A yi kwafi biyu da hannu, a saka kowanne a leda cikin akwatin ƙarfe, a raba musu wuri, ɗaya tare da takardun gona ko na fili, ɗaya a wani gidan da aka amince da shi cikin ambulan a manne. Masu dukiya mai yawa kan buga kalmomin a jikin farantin ƙarfe, wanda wuta ba ta ci, amma mai shi ne zai buga da hannunsa. James Howells, wani injiniya a garin Newport na Birtaniya, ya rasa faifan da ke ɗauke da makullin Bitcoin kusan 8,000 a 2013 lokacin da aka zubar da shi a shara. A Janairu 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa ta neman izinin tona jujin. Kuɗin na nan a kundi kowa na gani, babu mai iya taɓawa.

Kafin a zuba kuɗi mai yawa, a gwada. A tura ɗan abin da bai wuce na naira dubu biyu ba, a goge walat ɗin, a dawo da shi da kalmomin da ke takarda. Idan kuɗin ya bayyana, rubutun daidai ne. Gara a gano kuskuren harafi yau da ranar da kwamfuta ta mutu.

Sai maganar da matasa ba sa son ji, wato mutuwa. Idan mutum ya rasu da kuɗi a banki, magada za su bi ta kotu su karɓa a raba bisa shari'a. Walat bai san takardar kotu ba. Wanda ya tafi da sirrin kalmominsa ya tafi da haƙƙin marayunsa. Ba sai an karanta wa kowa kalmomin ba. Ya isa a rubuta a wasiyya cewa akwai dukiya iri kaza, takardarta na wuri kaza, kuma wane ne ya san yadda ake buɗewa.

Bayan an girka

Akwai wata cutar kwamfuta da aikinta shi ne jiran ka kwafi adireshin walat, kafin ka liƙa ta musanya shi da na ɓarawo. A 2023 kamfanin Kaspersky ya gano irinta a cikin kwafin bogi na burawuzar Tor, ya ƙiyasta ta sace kimanin dala dubu 400. Maganinta duba adireshi bayan an liƙa, farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, a kowace turawa. Kada kuma a kwafo adireshi daga tarihin mu'amala, domin 'yan damfara na turo ɗan canji daga adireshi mai kama da na abokin cinikinka don ka ɗauka shi ne.

A lura da layin da ake bi. USDT na tafiya a kan Tron da Ethereum da BNB Chain da wasunsu. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da BNB Chain kuwa da 0x. Mai turawa da mai karɓa su yi magana su daidaita layi kafin a danna, a kuma fara da ɗan kaɗan.

Babu wani ma'aikacin Trust Wallet ko MetaMask ko Pi da zai biyo ka ta Telegram ko Facebook ya ce ka ba shi kalmominka don ya tantance asusunka ko ya buɗe maka kuɗin da aka kulle. Haka wanda ya ce ka girka AnyDesk ya taimaka maka daga nesa, kwamfutarka yake so ka miƙa masa. Idan kwamfuta ta lalace za a kai ta wurin mai gyara a Zariya, a fara dawo da walat ɗin a wata na'ura mai tsabta, a kwashe kuɗin zuwa sabon walat mai sababbin kalmomi, sannan a miƙa ta.

Na ƙarshe shi ne kame baki. A jiha irin tamu da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, ɗora hoton abin da ke walat a Facebook ko faɗin adadinsa a majalisa gayyatar masifa ce. Duk ƙarfin lissafin da ke kare makulli ba ya kare mutumin da aka tsare da bindiga.

Malamanmu sun saɓa a kan hukuncin kirifto, kuma kowa na da malamin da zai tambaya kafin ya shiga. Farashi ma yana hawa yana faɗuwa, walat mai tsaro ba ya hana asarar kasuwa. Amma ga wanda ya riga ya shiga, ƙa'idar a bayyane take. Idan kwamfutarka na ɗauke da Windows ɗin da ba ka san asalinta ba, ko kowa a gida na taɓa ta, kada ka girka walat a kanta sai ka goge ta ka sake ta daga tushe. Idan ba za ka iya tantance fayil ɗin da ka sauke ba, ka zauna ka koya tukuna, kuɗin su jira. Kuma duk wanda ya nemi kalmominka 12, ko ɗan ajinku ne ko mai kiran kansa jami'in kamfani, kada ka ba shi.